Akwatin da Ya Kwana a Rumbun Baffa Sani

Na gode wa Allah da ya ara mini kwana har na kawo wannan babi, domin shi na fi so ku karanta, ku 'ya'yana da jikokina. Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a danginmu, wai Baffa Sani na Sabuwa, ƙanin mahaifinku, ya yi mana wayo ranar rabon gado. Kwanan baya na ji ta a bakin wata jikata a gidan suna, yarinyar da ko auren uwarta ba a yi ba lokacin da abin ya faru, tana zuba bayani kamar da ita aka shimfiɗa tabarma. To ni da ni aka zauna, kuma ban ruɗe ba tukuna. Ku saurara ku ji yadda aka yi.

Uwata, Inna Delu ta Daudawa, ɗinkin hula take yi, amma ba ta taɓa kai ƙyalle wurin mai zane ba. Zanenta a ka yake, ƙirga zare take yi tana soka allura. A cikin zane-zanenta akwai wanda ta ƙago da kanta ta sa masa suna furen auduga, saboda mu mutanen Daudawa da auduga muka buɗe ido. Fure ne mai ruwan ɗorawa da ɗigon ja a tsakiya, yana zagaya hula hannu cikin hannu, ba ka gane inda ya fara. Mata da yawa sun yi ƙoƙarin sata da ido, sai ya fito musu kamar ƙwai da aka fasa. Ni kaɗai ta koya wa, da ranƙwashi da komai, kuma da shi na tafi gidan mahaifinku a Faskari. Da wannan allura na yi muku kayan ɗaki ku uku.

Mahaifinku mai buga tafireta ne a ofishin gona. Mutum ne mai son abin zamani har ya wuce misali, rediyonmu ma bai taɓa yin wata guda ba tare da an kwance cikinta ba. Wata shekara ofishinsu ya sami sababbin kwamfutoci, aka yi gwanjon tsofaffin, sai ga shi da yamma a kan babur ya ɗauro kaya kamar mai ƙaura: wani gilashi mai ƙatuwar ƙeya kamar talabijin, da allon dannawa, da wani farin akwatin ƙarfe. Na ce masa wannan kuma wane wahalalle ne ya kawo mana? Ya yi dariya kawai. In an kawo wuta sai ya kunna, akwatin ya yi ta gurnani, gilashin ya yi baƙi ƙirin, farin rubutu ya fito, wani ɗan ɗigo yana ƙifta ido yana jiran umarni. Babu hoto, babu waƙa, sai ka rubuta mata abin da kake so harafi bayan harafi, in ka kuskure ɗaya ta yi maka kunnen uwar shegu.

Rannan ya kira ni ɗakinsa. Ya buɗe wani abu a cikinta, gilashin ya cika da ƙananan gidaje kamar idon raga.

"Zo ki gani," ya ce. "Kowane gida ɗinki guda ne. Ki riƙa faɗa mani, ni kuma ina sa launi. Zanen Inna duk mu zuba su nan, ko bayan ranmu suna nan."

"Malam, abin da ke kaina ina za shi?"

"Kai ma ai aro ne," in ji shi.

Haka muka shiga. Bayan la'asar, in wuta ta yi mana mutunci, ina zaune a tabarma ina ƙirgawa da baki, shi yana danna maɓalli. Mun yi faɗa a kan wannan aiki ya fi a ƙirga, don shi gaggawa gare shi, ni kuma ba na yafe gida ɗaya. Muka zuba ƙananan zane-zanen duka, ya buga mini su a takarda da wata na'urar ofishinsu mai ƙara kamar ana yayyaga atamfa. Furen auduga muka bari ƙarshe saboda wuyarsa. Mun kai rabi, sai na lura ya sa jan ɗigo ɗaya a inda ba wurinsa ba, can a gefen fure, ya yi tsini.

"Malam, yaushe auduga ta yi ƙaho?"

"Ki bar shi, gobe in gyara," ya ce, yana murza goshi. "Kaina ke sarawa."

Goben ba ta zo masa a kan kujerar nan ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Tufafinsa da hulunansa duk aka yi sadaka da su kamar yadda aka saba, har da hular furen auduga da na ɗinka masa.

Da na fita takaba aka zauna rabon gado. Tun da ku duka mata ne, bayan tumunina da kasonku, abin da ya rage na ƙaninsa ne, Baffa Sani. Gona da gida da awaki ba su ba kowa wahala ba, Liman ya san aikinsa. Da aka zo kan kwamfuta sai dattawa suka yi cirko-cirko. Abu uku ne a gabansu, ba wanda ya taɓa raba irinsu. Wani tsoho ya ƙwanƙwasa akwatin ya kasa kunne, ya ce wannan ai matashi ne kawai da ake ɗora gilashin a kai. Kowa ya yarda, ni ma na yarda, don da idona na ga zanen a cikin gilashi, ban taɓa ganin komai ya fito daga akwati ba sai gurnani. Aka yi wa gilashin ƙima mai tsada, aka yi wa akwatin ta banza. Gilashin ya so ya faɗa kason Baffa Sani, sai ya ɗaga hannu. Kun san tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, ni da shi kuwa ba mu taɓa haɗuwa ba mu tsokani juna ba, amma ran nan ba wasa a muryarsa.

"A ba matar Yaya madubin ga," ya ce. "Aikinsu na ciki, ita da shi. Ni ku ba ni akwatin, ko buta na riƙa azawa. In akwai bambanci na yafe."

Ga wayon da aka ce ya yi mana. Ya bar abin da kowa ya ɗauka shi ne dukiya, ya ɗauki abin da ba mai so, ya ɗaure a bayan keke ya tafi.

Na ɗinka wa gilashin nan riga. Kullum sai na share shi, ba yaron da ya isa ya matso kusa. Na taɓa sa a jona shi da wuta, ya yi haske fari bai nuna komai ba, na ce don mai shi ba ya nan ne, ba mu san kalmar da ake faɗa masa ba. Hankalina kwance, zanen Inna yana ciki a ajiye. Takardun da ya buga mini kuwa gara ta shiga akwatin kayana wata damina ta mai da su gari, ban ma damu sosai ba. Har autata Rabi ta girma, ta tafi kwalejin horon malamai, kuma don jinin ubanta ne a jikinta, kwamfuta ta karanta. Hutun farko da ta dawo ta tarar da ni ina goge gilashin, ta tsaya tana kallona.

"Inna, kin san ba komi cikin wanga abu?"

"Kamar yaya ba komi?"

"Taga ce kawai. Duk abin da Baba ya zuba yana cikin akwatin da Baffa ya tahi da shi."

Na ce ta rufe mini baki, karatun wata nawa ta yi da za ta ƙaryata idona? Ta zauna ta yi mini bayani har na gane. Shekara da shekaru ina yi wa taga hidima, ɗakin yana Sabuwa. Ita kuma da zafin ƙuruciya, a gaban baƙi, sai ta ce ai Baffa ya san abin da yake yi, ya ɗauke ƙwarya ya bar mu da faifai. Na kwaɓe ta nan take, amma magana zarar bunu ce. Kafin kasuwa ta sake ci ta isa Sabuwa, ta ƙara kitse a hanya. Baffa Sani bai aiko da ko kalma ba. Ya dai daina zuwa. Mutumin da kowace kaka sai ya sauke mana buhun masara da kansa, ya koma aiko da shi ta hannun direba. Ni kuma kunya ta hana ni zuwa, don abin da aka raba a gaban Liman ba a komawa a ce a sake, kuma in na je a lokacin sai a ce na gaskata maganar.

Aka yi shekaru a haka. Na koma Ƙanƙara wurin Rabi, wadda ta zama malamar kwamfuta a makarantar 'yan mata, da mijinta da 'ya'yanta. Can hawan jini ya buge ni, ɓarin jikina na dama ya saki. Allah ya tashi kafaɗata, hannun ya dawo a hankali, har na iya riƙe allura. Ranar da na ɗauki ƙyalle zan fara furen auduga, na soka allura na tsaya. Babu shi. Na san launinsa, ina ganinsa in na rufe ido, amma ƙirgar ta tafi kamar an share da tsintsiya. Na gwada, na warware, na sake, ya fito mini kamar na matan nan da nake yi wa dariya. Na yi kuka ranar, kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifinku. Inna ta rasu, takardu gara ta ci, hular an yi sadaka, kaina kuma ga shi wanda ya ara mini ya fara karɓar abinsa. Wuri ɗaya ya rage a duniya, in ma yana nan.

Na ce wa Rabi ta shirya, Sabuwa za mu. Mijinta ya ce hanya ba lafiya, lokacin kuwa shekarun nan ne da mutanen ƙauyukanmu ke kwana da takalmi a ƙafa, Baffa Sani kansa ya baro ƙauyensu ya dawo cikin gari. Yayyenta suka yi ta waya suna cewa tsohuwa da rabin jiki ina za ta, a aika mana. Na ce abin da baki ya ɓata ba a aika direba ya gyara, zumunta a ƙafa take. Muka bi motar kasuwa da rana tsaka, kowa a motar bakinsa na motsi da addu'a, har muka sauka lafiya.

Mun same shi a wani gidan aro a bayan kasuwa, ya tsufa, gemu fari fat. Ya amsa gaisuwa kamar yadda ake amsa ta baƙi. Rabi ta durƙusa har ƙasa.

"Baffa, ni na faɗi maganar nan. Ƙuruciya ce da rashin sani. Ka yafe mani."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Ɗiyata, da kin ce na ci gona da sauƙi. Amma a ce na yi ma marayun Yaya wayo? Ni har yau ban san mi ke cikin abin ga ba."

Sai ya juyo gare ni, na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Ke kuma tsohuwa, sai da kika shanye kika tuna kina da miji a Sabuwa?"

"Wane miji, mai gemu kamar bunsuru? Ni kayana na zo gani."

Da aka yi dariya na san an wuce wurin. Na faɗa masa abin da ya same ni da abin da ya kawo ni, alhali ban san ko akwatin ya daɗe da zama gidan kaji ba. Ya tashi ya shiga ɗaki ya jawo wani buhu. A ciki akwai tsohon bargo, a cikin bargon ga akwatin, fari kamar jiya, yana warin toka da barkono. Ashe bai taɓa aza buta a kai ba. A rumbu ya sa shi, can sama inda yake ajiye irin shuka, inda ruwa ba ya kai wa, yana barbaɗa masa abin da yake barbaɗa wa iri don ƙwari. Ranar da suka baro ƙauye, amalanke ɗaya ya samu. Ya ɗora mata da yara da irin dawa da wannan akwati, ya bar gadonsa na ƙarfe da keken ɗinkin matarsa.

"Shi kaɗai ya rage mani na Yaya," ya ce.

Rabi ta ce kada a kuskura a jona shi da wuta, abin da ya daɗe haka yana iya ƙonewa a tashin farko. Ta ce rashin wuta a ƙauye da rashin gilashi su suka tsare shi, da a hannunmu yake da tuni mun kashe shi da gwaji. Dole sai an kwance shi an ciro faifan ajiyar da ke ciki, kuma ta faɗa masa gaskiya, in an kwance ba lalle ya koma yadda yake ba, kuma ba ta da tabbacin za a sami komai. Na ga yadda ya ɗora hannu a kan akwatin. Na ce a raina in ya hana ba zan ga laifinsa ba, nasa ne halak malak.

"Iri in ba a fasa rumbu an fitar da shi ba ai ya zama abincin gara," ya ce. "Kwance, ɗiyata."

Muka dawo Ƙanƙara da shi. Aikin ya ci makonni. Da ta buɗe, wani ɗan batir a ciki ya zubar da ruwa ya cinye gefe guda, akwatin dai ya gama yawo. Faifan kuwa, wani abu mai nauyi kamar guntun bulo, ya tsira. Sai da ta aika Kano aka nemo wata igiya mai faɗi da za ta haɗa shi da kwamfutarta ta hannu. Ta ce ba za ta buɗe komai ba sai ta kwashe shi gaba ɗaya, don tsoho ne, ba a sa shi ya maimaita magana. Ya tashi yana ƙaf-ƙaf kamar mai tari, ya tsaya, ya ci gaba, ni ina gefe da carbi. Wasu wurare sun ƙi karantuwa, amma yawanci ya fito. Na ce to nuna mini. Ta ce tukuna, sabuwar kwamfuta ba ta jin yaren tsohuwar, zanen kuma ba ya buɗuwa sai a cikin tsarin da aka yi shi. Na tambaye ta to ina amfanin wahalar? Ta ce akwai mutane a ƙasashe daban-daban da suka ɗauki wa kansu aikin adana tsofaffin tsare-tsaren nan don kada su ɓace, har sun ƙera manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwa, kuma sun saka a intanet kyauta. Kamar dai a yi wa kaka ɗaki irin nata a cikin gidan jikarta, da gadonta da tukwanenta, sai ta saki jiki ta yi magana. Da ta maƙale a wani wuri ta rubuta musu tambaya, wani dattijo da ba mu san ko sunan garinsu ba ya zauna ya yi mata bayani dalla-dalla. Ban san addininsu ba, ban san fuskarsu ba, amma ina sa su a addu'a, Allah ya saka musu da alheri.

Wata ranar Asabar da hantsi ta kira ni. A tsakiyar kwamfutarta wata 'yar taga ta yi baƙi ƙirin, farin rubutu ya fito, ga ɗan ɗigon nan yana ƙifta ido. Wallahi sai da na waiga, don ji na yi kamar mahaifinku zai yi gyaran murya a bayana. Ta rubuta umarni, gidajen raga suka bayyana, zanen Inna suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun lalace, sun zama kamar an watsa tsakuwa. Na ƙarshe ya buɗe: furen auduga, rabi, daidai inda muka tsaya, da jan ƙahonsa a gefe.

"Inna, rabi ne kawai," in ji Rabi.

Ni kuwa bakina ya riga ya fara ƙirga. Na bi layin farko da yatsa, na biyu, na uku, da na kai inda zanen ya ƙare sai ƙirgar ta ci gaba da kanta, da muryar Inna a kunnena. Na ce wa Rabi zauna a kujerar ubanki ki danna. Kafin azahar mun rufe furen. Ta kai hannu za ta goge jan ɗigon nan, na riƙe mata hannu.

Yanzu zanen yana wurare da yawa, Rabi ta kwafe shi da tsohon tsarin gaba ɗaya, ta ba yayyenta kowacce nata, ta kuma buga a takarda. 'Yan matan makarantarta ma suna koyo. Hula ta farko kuwa wata huɗu na yi ina fama da ita da wannan hannu nawa, na kai Sabuwa da kaina tare da akwatin, wanda Rabi ta mayar wa murfinsa ta goge tas. Baffa Sani ya juya hular a hannu, ya kai ta kusa da ido.

"Matar Yaya, ni fa manomin auduga ne. Yaushe furenta ya yi ƙaho?"

"Na Yayanka ne. Ya ce gobe zai gyara."

Ya cire hular kansa ya ajiye a kan akwatin, ya sa wannan, ya juya fuskarsa wajen bango. Da ita ya yi sallar idi biyu kafin Allah ya yi masa rasuwa, kuma ya bar wasiyya kada a haɗa ta cikin kayan sadaka.

Don haka duk wadda za ta ɗinka furen auduga a cikinku, ta bar ƙahon nan inda yake. In aka tambaye ta dalili, ta ba da labarin mutumin da ya bar gadonsa na ƙarfe a ƙauye ya ɗauko mana akwati.